Inbata Na Kuka Tana Ɗaukewa: Laifinta Ne Ko Na Batir?

Me ya sa inbata ke yin ƙara ta ɗauke wuta alhali mita ta nuna batir a cike yake? Babu tambayar da ta fi wannan yawo a bakin masu amfani da wutar tafi-da-gidanka, wato waɗanda suka haɗa batir da sola da inbata a motar kwana, ko jirgin ruwa, ko motar asibiti, ko tirela, ko motar da ake sana'a a cikinta. Amsoshin da aka saba ji guda biyu ne: ko dai a ce inbatar ta mutu, ko a ce batirin jabu ne. Sai mutum ya sayo sabo ya ɗora, bayan kwana kaɗan a koma gidan jiya.

A mafi yawan lokuta inbatar lafiyarta ƙalau, aikinta ma take yi. Abin da ke sa ta kuka shi ne wutar da ke isa bakinta a daidai lokacin da ake jan kaya mai nauyi, kuma wannan wutar daban take da wadda mita ke nunawa a kan batir yana hutawa. Wanda ya gane wannan bambancin ya warware fiye da rabin matsalar.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, kamar matsin ruwa a cikin bututu. Amfa shi ne yawan wutar da ke gudana. Idan aka ninka bolt da amfa sai a sami wat, wato nauyin aikin da ake yi a wannan lokacin. Amfa-awa kuma, wanda ake rubutawa Ah a jikin batir, shi ne girman ma'ajiyar. Inbata ba ta ƙirƙirar wuta. Tana karɓar wutar batir ce mai tafiya hanya ɗaya, DC, ta mai da ita wutar gida mai kai da komo, AC, ta bolt 230 ko 120. A wajen wannan sauyin takan cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari su zama zafi.

Ga lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Butar lantarki mai wat 1500 tana jan kusan amfa 6.5 ne kawai a ɓangaren bolt 230. Amma a ɓangaren batir mai bolt 12, sai inbata ta jawo kusan amfa 140 kafin ta iya ciyar da butar. Wannan wuta ce mai yawan gaske, irin wadda ke bi ta wayar kunna injin mota. Bambancin kawai shi ne mai kunna mota daƙiƙa biyu yake yi, buta kuwa minti uku ko huɗu.

Yaudarar batir mai hutawa

Batirin dalma da asid na bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da kusan bolt 2.1. Idan ya cika kuma ya huta na wasu awanni, babu caji babu kaya, zai nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ya kai rabi, kusan 12.2. Idan ya sauko 11.9, ya kusa ƙarewa. Tazarar da ke tsakanin cike da wofi ba ta kai bolt ɗaya ba, shi ya sa wanda ya ce "ai batirina 12 yake nunawa" bai san cewa batirinsa ya riga ya zubar da yawancin cajinsa ba.

Sannan akwai wani cajin bogi da ke zama a saman farantan dalmar da ke cikin batir da zarar an cire caja. Batir zai iya nuna 13 ko fiye, ko da kuwa ya tsufa. A kunna masa fitila na 'yan mintuna, a bar shi ya huta, sannan a auna.

Ko da wannan awon ya yi kyau, bai ce komai kan lafiyar batir ba. Tsohon batir da ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu zai cika da sauri, ya nuna 12.7 kamar sabo, amma da an ɗora masa amfa 100 sai ya faɗi ƙasa da 10.5 nan take. Yawancin inbatocin bolt 12 suna fara gargaɗi wajajen 11 zuwa 10.5, su ɗauke wajajen 10.5 zuwa 10. Da inbata ta ɗauke, kaya sun sauka, batir ya farfaɗo ya koma 12.4, mai shi ya zo da mita ya ga komai daidai, sai ya ɗora wa inbata laifi. Ya zo ne bayan ɓarawo ya tsallake katanga.

Awo biyu da ke raba gardama

Ana buƙatar mita da mutum na biyu da zai kunna kaya. A saita mitar a kan DC, a ɗora bakunanta a kan ƙarfen kan batirin kansa, ba a kan abin da ke maƙale da shi ba. A kunna kayan da ke sa inbata ɗaukewa, a rubuta mafi ƙarancin lambar da aka gani. Sai a maimaita, wannan karon bakunan mita suna kan ƙusoshin shigar wuta na inbata.

Idan duka biyun sun faɗi tare, misali batir 10.4 inbata 10.2, matsalar a batir take: ko bai da caji, ko ya tsufa, ko ya yi wa kayan ƙanƙanta. Idan batir ya tsaya a 11.8 amma bakin inbata na nuna 10.6, batir ba ruwansa, wutar tana zubewa ne a hanya. Bambancin da ya kamata a gani tsakanin wuraren biyu bai wuce 0.3 zuwa 0.4 ba. Idan kuwa duka biyun suna sama da 11.5 amma inbata ta ɗauke duk da haka, to sai a koma kan nauyin kaya, ko zafi, ko ita kanta inbatar.

Idan an tabbatar a hanya ne, ba sai an kwance komai ba. Kaya na aiki, a ɗora baki ɗaya na mita a wannan gefen fis, ɗayan a wancan gefen. Haka za a yi wa makunni, da kowace mahaɗa, da kowace waya daga kai zuwa kai, har da ɓangaren negatib da mutane ke mantawa. Mahaɗa mai lafiya ba ta nuna komai sai 'yan ƙananan lambobi kamar 0.02. Inda aka ga 0.2 ko 0.5, nan ciwon yake. Hannu ma yana taimakawa: bayan kaya sun yi aiki na 'yan mintuna, a kashe, a taɓa kowace mahaɗa a hankali. Wadda ta fi sauran zafi ita ce.

Waya da mahaɗa, inda aka fi samun ta'asa

Jan ƙarfe yana da turjiya, wato tarnaƙin da yake yi wa wuta mai bi ta cikinsa, ta kusan om 0.0175 a kowace mita ɗaya ta waya mai kaurin murabba'in milimita ɗaya. A ɗauki waya mai kaurin murabba'in milimita 16, tsawon mita uku zuwa, mita uku dawowa, don wuta sai ta je ta dawo. A amfa 140, wannan wayar za ta cinye kusan bolt 0.9. Mai kaurin 50 a tsawo ɗaya za ta cinye 0.3 kacal. To batir mai lafiya da ya ɗan sauko 11.6 saboda nauyi, a cire 0.9 na siririyar waya, a cire 0.3 na fis da mahaɗu, an kai 10.4, inbata ta ɗauke. Babu abin da ya lalace a cikinsu.

Saboda haka ake matso da inbata kusa da batir, a bar wayar AC ta yi doguwar tafiyar, tunda ita amfa kaɗan take ɗauka. A kuma yi hattara da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido kamar ta gaske, amma kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar ta gaske take iya ɗauka. A kankare ta da wuƙa, idan ciki fari ne an gane ta. Ba ta da nauyi kuma a hannu.

Maganar mahaɗa ta fi ta waya muni. Mahaɗar da ta saki ko ta yi tsatsa har turjiyarta ta kai om 0.01, lamba ce da ba za a kula da ita ba a takarda. Amma a amfa 100 tana cinye bolt guda cur, tana kuma fitar da zafin wat 100 a wuri mai faɗin farce. Daga nan ne roba ke narkewa, daga nan ne gobara ke tashi. Kuma a nan ne wutar tafi-da-gidanka ta bambanta da ta gida: girgizar hanya tana kwance noti a hankali, a jirgin ruwa kuma iska mai gishiri tana cin ƙarfe. Abin da aka ɗaure tam a watan jiya zai iya yin laƙo-laƙo yau.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ake yawan samu. Mutum ya sa wosha tsakanin kan batir da kunnen waya, wato ƙarfe mai huji da ake matsewa a bakin waya. Wosha, musamman ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ba ta wuce da wuta sosai. Kunnen waya shi ne zai kwanta kai tsaye a kan batir, wosha da noti su zo a sama. Idan wayoyi da yawa ne a kan ƙusa ɗaya, mai ɗaukar wuta mafi yawa ita ce a ƙasa. Kunnen da aka matse da filaya ko aka buga da guduma shi ma yakan yi zafi daga ciki, inda ido ba ya gani. A ja wayar da ƙarfi, idan ta motsa a cikin kunnen a sake shi da na'urar matsewa ta gaske.

Fis kuma waya yake karewa, ba inbata ba. Wurinsa kusa da kan fositib na batir, ƙa'idar masu haɗa wutar jiragen ruwa ta Amurka ta ce cikin inci bakwai, kusan santimita 18. Wanda fis ɗinsa ke yawan ƙonewa ya maye gurbinsa da waya, ya mai da wayar motarsa gaba ɗaya ta zama fis.

Idan batirin ne da gaske

Lambar 100Ah da ke jikin batirin dalma an auna ta ne da jan amfa 5 na tsawon awa 20. Idan aka ja da ƙarfi, abin da zai bayar yana raguwa sosai, abin da wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. Ga shi kuma ba a son a riƙa sauke shi ƙasa da rabi. Wato batirin 100Ah kusan wat-awa 600 ne na amfani, wato wat 600 na tsawon awa ɗaya, kafin inbata ta cire nata kason. Ɗora inbata mai wat 2000 a kan irin wannan batir guda ɗaya kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Abin da ya fi kashe batirin dalma shi ne zama babu cikakken caji. Sinadarin salfet da ke taruwa a faranti lokacin amfani yana narkewa idan an cika shi da wuri, amma idan ya yi kwanaki a haka sai ya daskare ya ƙi narkewa. Cikawa kuwa tana buƙatar a riƙe shi a wajajen bolt 14.4 na wasu awanni, domin kashi 20 na ƙarshe a hankali yake shiga. Tuƙin rabin awa ba ya yi. Zafi shi ma yana cinsa: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwarsa da kusan rabi, don haka batirin da aka ajiye kusa da inji ba zai yi ƙarko ba.

Batir mai murfi ana iya auna ruwan kowane ɗaki da ma'aunin kaurin asid. Cikakken ɗaki yana nuna kusan 1.265. Idan ɗaki ɗaya ya yi ƙasa da sauran da 0.050 ko fiye bayan cikakken caji, wannan ɗakin ya tafi. Batirin da ke tsayawa a wajajen 10.5 bayan caji, yana zafi yana tafasa, ɗakinsa ɗaya ya haɗe. Ruwan da ake ƙarawa tataccen ruwa ne kawai, ba asid ba. Ga rufaffun batura irin AGM, gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika, a ɗora kaya mai jan amfa 5, a ƙirga awannin da zai ɗauka ya kai 10.5. Awa takwas na nufin 40Ah ne ya rage daga ɗari.

Idan batura da yawa ne a jere, fositib da fositib, a ɗauki fositib daga na farko, negatib daga na ƙarshe, don nauyi ya rabu. Haɗa sabo da tsoho asara ce, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Litiyam: magani ne ko sabon ciwo?

A nan ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan batirin litiyam na LiFePO4 suna da hujja: nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 na cajinsa, ba ya faɗuwa sosai a ƙarƙashin nauyi, zama a rabin caji ba ya cutar da shi, yana kuma jure dubban zagayen caji. Masu ɗari-ɗari suna cewa kuɗin farko yana da yawa, kuma ba a cire na dalma kawai a dasa shi a wurin. Duka biyun gaskiya ne, amma ga abin hawa da ba ya samun cikakken caji kullum, litiyam ya fi dacewa, matuƙar an gyara sauran haɗin.

Matsalolinsa kusan duka daga na'urar tsaronsa suke, wato BMS da ke cikinsa. Ita ce ke yanke wuta gaba ɗaya, ba gargaɗi. Batirin 100Ah sau da yawa iyakar BMS ɗinsa amfa 100 ce, kusan wat 1200 ke nan. Butar nan ta wat 1500 za ta sa ya ɗauke ko da a cike yake. Idan ya sauka ƙasa sosai, wajajen bolt 10, sai ya rufe kansa, mita ta nuna sifili ko wata lamba marar ma'ana. Bai mutu ba, barci yake, cajar da ke iya fitar da wuta ba tare da ta fara ganin batir ba za ta tashe shi. Haka kuma ba a cajinsa a sanyin da ya kai ƙasa da digiri 0, mai kyau ma da kansa yake ƙin karɓa.

Wani abin shi ne tartsatsin da ake gani idan aka haɗa babbar inbata. Akwai manyan kafasito a cikinta, wato 'yan ma'ajiyar wuta, da ke zuƙar wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, BMS ya ɗauka wayoyi ne suka haɗe ya yanke. Maganinsa a fara haɗawa ta cikin razista, abin da ke rage gudun wuta, mai om 25 zuwa 50 na 'yan daƙiƙu, sannan a ɗaure wayar.

Bolt kuma ba ya nuna yawan cajin litiyam, domin daga kashi 20 zuwa 90 kusan a 13 yake zaune. Sai da mita mai ƙirga amfa, wadda ake dasawa a kan negatib. Sharaɗinta duk wata wayar negatib ta bi ta cikinta. Guda ɗaya ta kewaye, lissafin ya rushe.

Wataƙila caji ne ba ya shiga

Batir ba ya ba da abin da ba a zuba masa ba. Inji na aiki, kan batirin da ke ciyar da inbata ya kamata ya haura 13.5. Motocin zamani da yawa suna da altaneta, wato janareton da ke cajin batir idan inji na aiki, mai rage wuta da kanta don tsimin mai, har ta sauko wajajen 12.5, wanda ba ya cajin komai. Irin waɗannan sai da cajar DC zuwa DC, wadda ke daidaita wutar altaneta kafin ta shiga batir. Ita ce kuma ke kare altaneta daga litiyam, wanda ke iya zuƙar wuta har ta yi zafi ta ƙone, musamman mota na tsaye inji na sulo.

Ta ɓangaren sola, allon da ake kira na bolt 12 yana nuna kusan 21 zuwa 22 a rana idan ba a haɗa shi da komai ba. Inuwar eriya ko ta abin ɗora kaya a kan 'yan ɗakunansa tana iya zubar da kaso mai yawa na aikinsa. Ana haɗa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin sola, da batir kafin a haɗa ta da allo, kuma a duba an saita ta a kan irin batirin da ke wurin. Allon wat 200 da ke kwance a rufin mota, wat-awa 700 ko makamancin haka yake tarawa a rana mai kyau. Ita kuwa babbar inbata da aka bari a kunne babu kaya tana iya cin wat 20, wato wat-awa 480 a kwana ɗaya, 40Ah ke nan. Mutane da yawa da ke farkawa su tarar da batir a ƙasa, ba firji ne ya cinye ba, inbatar da ba wanda ya kashe ce.

Lokacin da laifin na inbata ne

Kafin a yanke mata hukunci, a tuna kwamfuresar firji da famfon ruwa suna jan ninki uku zuwa bakwai na wutarsu a lokacin tashi. A kuma duba ko lambar da ke jikinta ta ɗan lokaci ce, domin wasu suna rubuta 2000 alhali 1000 suke iya riƙewa. Wadda ke aiki minti goma ta ɗauke, ta huce ta dawo, zafi ne: a duba fanka, a share ƙura, a ba ta iska. Inbata mai fitar da wuta mai kusurwa, ba mai santsi irin ta gida ba, tana sa injunan lantarki, irin na firji da famfon ruwa, gurnani da zafi, kuma mita mai araha za ta nuna wutarta ƙasa da yadda take, kada wannan ya ruɗi mutum.

Alamun mutuwarta ta gaske su ne: wuta mai kyau tana bakinta, babu kaya ko ɗaya, amma ta ƙi tashi ko ta nuna nauyi ya yi yawa, ko fis ya ƙone da zarar an haɗa ta, ko warin ƙuna. Babban sanadi shi ne juya fositib da negatib ko da na daƙiƙa ɗaya, sai ruwa, sai haɗa bakinta da wata wutar AC daga waje.

Buɗe ta aikin masani ne, domin kafasito suna riƙe wuta bayan an cire ta, ɓangaren AC kuma yana kisa kamar wutar gida. A wajen batir, a cire zobe da agogo, a naɗe jikin sifana da tef, a fara cire negatib, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iska, don haka shi da inbata ba sa zama a rufaffen akwati ɗaya.

Wanda ke buƙatar fiye da wat 2000 kullum, gara ya duba komawa tsarin bolt 24. Amfa zai ragu da rabi, zafin da waya da mahaɗu ke fitarwa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai inbata da kwantirola dole su zama na 24, fitilu da sauran ƙananan kayan 12 kuma a sa musu na'urar rage wuta.